Katin Kakana da Layin Fitar da Gwani

Na tashi a Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure. A nan na koyi cewa wanda ya yashe magudana shi ke da bakin magana ranar rabon ruwa. Da wannan mudu nake auna tambayar da ta daɗe tana raba kawuna: shin masu rajista kaɗai ya dace su fitar wa jam'iyya da gwani?

Kakana ɗan NEPU ne, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. A zamaninsu, riƙe kati kan jawo wa talaka ɗauri, amma ya adana nasa a ƙasan adaka har ya rasu.

Darajar kati ta soma zubewa a 1989, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiri SDP da NRC, jam'iyyun da babu wanda ya sha wuya kafin a haife su. A 1992 Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi gaba a zaɓen fitar da gwani na SDP, sai gwamnati ta soke zaɓen jam'iyyun biyu bisa zargin maguɗi, ta haramta wa 'yan takara 23 tsayawa.

A Satumban 2018, APC ta yi ƙato bayan ƙato, aka bayyana cewa Muhammadu Buhari ya sami ƙuri'a miliyan 2.9 a Kano. A babban zaɓen 2019, da aka buɗe ƙofa ga kowa, miliyan 1.46 ya samu. Wannan tazara ta sa na soma tambayar su wane ne a cikin kundin 'yan jam'iyya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta wa jam'iyyu miƙa wa INEC kundin kwana 30 kafin fitar da gwani.

Wasu na cewa a bar kowa ya shiga layi, kamar yadda wasu jihohin Amurka ke yi, tunda gwanin zai mulki kowa. Ni kuwa ina ganin ranar kowa ita ce ranar babban zaɓe. Fitar da gwani haƙƙin 'yan gida ne, muddin kundin na gaskiya ne. Idan kuwa na jabu ne, mai kuɗi zai zaɓa wa manomin Kadawa wanda zai yanke hukunci kan takinsa da ruwansa, alhali bai taɓa taka magudana ba.