Gandun Daji da Gawon Gona: Wace Ƙasa Ake Karewa a Iyakar Daura?

A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ɗaga darajar dazuzzuka goma su zama gandun dajin ƙasa. Jihar Katsina ta samu ɗaya, wato dajin Kogo da ke can kudancinta. Kano ta samu Falgore, Jigawa kuma fadamun Haɗeja. Masarautar Daura, mahaifar shugaban, ba ta shiga jerin ba, kuma wanda ya taɓa bin hanya daga Zango zuwa Ɓaure ya wuce Babban Mutum ba zai yi mamaki ba. Gona ce ke bin gona har bakin iyakar Nijar: gero, dawa, wake, riɗi, sai itatuwa jefi-jefi a tsakani. Babu wani surƙuƙin daji da za a ja wa layi a kafa masa ƙofa.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ko ƙasa irin wannan ba ta da abin da ya cancanci hukuma ta keɓe. Ina ganin tana da shi. Ina kuma ganin ma'anar keɓewa da muka gada daga Turawa ce ta hana mu ganinsa.

Tsarin gandun dajin ƙasa ya samo asali ne daga Amurka, inda aka kafa Yellowstone a 1872 bisa tunanin cewa ƙasa ba ta tsira sai an raba ta da mutum. A Nijeriya dokokin daji na 1916 da 1937 ne suka shimfiɗa tubalin. A Arewa, En'e ce ke riƙe da mafi yawan dazuzzukan da aka keɓe, sarki da hakimi da dagaci na sa ido, malamin daji na zagayawa. Daga baya aka zo da manyan wurare domin namun daji: Yankari a 1956, Tafkin Kainji ya zama gandun dajin ƙasa na farko a 1979, Kamuku ta Birnin Gwari ta bi sahu a 1999. Dokokin ba su tsaya a bakin daji ba. Sun ware wasu itatuwa da ba a sarewa sai da izini ko da a gonar mutum suka tsiro. A nan aka shuka illar da har yau ba ta warke ba. Manomin da ya san cewa tsiron da ya bari zai jawo masa malamin daji da tara gobe, sai ya tuge shi tun yana ƙarami, ya huta.

Ba Turawa suka kawo mana ra'ayin keɓe ƙasa ba. Kalmar hurumi ta girme su, haka burtali da makiyaya da mashaya. A fiƙihu akwai babin hima: Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka, tare da umarnin a bar mai 'yan dabbobi kaɗan ya yi kiwo a ciki. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan hukuncin matattun filaye da hanyoyin mallakarsu, mai suna Ta'alimur Radi. Sharaɗin hima shi ne maslahar jama'a. Shugaba ba ya keɓewa domin kansa. Bambancin da ke tsakanin wannan da gandun Turawa yana cikin amsar tambaya guda: domin wa aka keɓe? Hurumi na garin da ke kusa da shi ne, mutanensa na cin moriyarsa bisa ƙa'ida. Gandun daji kuwa, a idon ƙauyawan da ke gefensa, kayan gwamnati ne, kuma kowa ya san yadda muke yi da kayan gwamnati.

Abin da ya faru da manyan dazuzzukan Katsina ya isa misali. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ikon daji ya suɓuce daga hannun sarakuna ya koma ma'aikatu masu nisa da ƙarancin ma'aikata. Dajin Rugu, wanda ya ratsa Safana da Batsari da Ɗanmusa, an yi ta yankar gonaki a cikinsa, burtali ya toshe, daga bisani ya zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Kamuku ma haka, duk da sunan gandun dajin ƙasa da take ɗauke da shi. Ba na cewa dokar daji ce ta haifi ta'addanci. Akwai kwararar makamai, da rashin adalci a shari'ar manomi da makiyayi, da talauci. Amma fili mai faɗin gaske da aka raba da masu shi, sannan aka kasa tsare shi, ba ya zama haka nan babu mai shi. Wani zai shiga. Shi kansa Kogo yana cikin yankin da wannan fitina ta fi addaba, don haka sauya masa suna a takarda ƙaramin aiki ne idan aka gwada da abin da ke jira a ƙasa.

Yanzu a juya a dubi arewa. Tsallaken iyaka daga Babban Mutum ƙasar Magarya ce, a jihar Damagaram. Mutanen ɗaya ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya, rairayin ma ɗaya. Layin da ya raba su ma'aikatan Ingila da Faransa ne suka shata shi tsakanin 1906 da 1908. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a share gona ƙal kafin damina, sai a zaɓi tsiron da ke fitowa daga tsohon kututture ko daga iri, a rage masa rassa, a bar ɗaya ko biyu su miƙe. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar a ƙasar Maraɗi tun 1983, amma a Magarya da Matamaye da Mirya, inda gawo ya fi yawa, manoma ne suka ɗauki abin da kansu. Binciken Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan ya ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 ya farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Hotunan tauraron ɗan'adam da suka nazarta sun nuna wuraren da itatuwa suka fi kauri a ɓangaren Nijar, suka yi sirara da an tsallako Nijeriya.

Me ya sauya? Ruwan sama ya ɗan dawo, gaskiya ne, amma ya dawo wa ɓangarorin biyu. Abin da ya sauya a can shi ne manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa a matsayin nasa. Ƙarfin jami'an daji ya ragu a shekarun 1980, sannan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka matso kusa da abin da manoma suka riga suka fara yi. Gawo kuwa ya sauƙaƙa musu lissafi. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa; da rani ya yi kore shar, ya ba dabbobi ganye da 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi tsayi. An ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. A wancan zamani Zango da Ɓaure suna ƙarƙashin inuwar Damagaram, don haka wannan tarihi namu ne kamar yadda yake nasu.

Kada a ɗauka manoman ɓangaren Nijeriya ba su san darajar itace ba. Wani masani, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, ya nuna cewa manoma sun riƙe itatuwan gonakinsu duk da buƙatar itacen girki a birni. Ɗorawa da kuka da tsamiya ana gadonsu kamar yadda ake gadon gona. Abin da ya faskara shi ne hukuma ta ɗauki wannan a matsayin kare muhalli. Idonta ya fi karkata ga shuka sabo. Shirin dashen itatuwa na Katsina da Tarayyar Turai ta tallafa wa tun 1987 ya kafa jerin itatuwan tare iska a arewacin jihar, mafi yawa darbejiya da turare. Shirin ganuwar itatuwa ta Afirka, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, ya fara da irin wannan tunani. Ban raina aikin ba. Inuwar darbejiya ta sauya fuskar garuruwanmu. Amma dashen da aka raino a leda yana buƙatar ban-ruwa da shinge da mai gadi, tsiron kututture kuwa saiwarsa ta riga ta kai ga laima. Tsoron hamada ma tsoho ne: a 1935 wani masanin daji, E. P. Stebbing, ya yi kururuwar cewa Sahara na gangarowa, sai hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa ta bi wannan iyaka a 1936 zuwa 1937 ta ce ba ta ga haka ba. Kusan shekara casa'in ke nan muna shirin tare rairayi, muna wuce itacen da ke tsaye a gona.

Akwai suka mai ƙarfi da za a yi wa wannan ra'ayi, kuma dole a amsa ta. Gonar gawo ba ta riƙe giwa ko raƙumin dawa. Giwayen Yankari suna raye ne domin akwai layi da mai gadi. Gadabeji, a arewacin jihar Maraɗi, an keɓe ta tun 1955, kuma saboda ta tsira ne aka iya mayar da raƙuman dawa cikinta a 2018. Na yarda: inda manyan namun daji suka rage, babu makawa sai gandu. Sai dai a ƙasar Daura ba wannan ake rasawa ba. Abin da ke salwanta shi ne kanya da aduwa da goriba da kalgo, da tsuntsaye da ƙudan zuma da ke rayuwa a kansu, da tafkunan damina, da hanyoyin shanu. Waɗannan ba su cikin wani gandu, suna warwatse ne a gonakin mutane da tsakaninsu.

Dokokin duniya sun riga sun buɗe ƙofa. Rabe-raben wuraren da ake karewa sun haɗa da ƙasar da mutane ke zaune suna noma a cikinta, kuma yarjejeniyar Montreal ta Disamba 2022, wadda ta sa burin kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa kafin 2030, ta yarda a ƙidaya filayen da al'umma ke kula da su. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon filayen karkara, dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ma tana nan. Don haka Gwamnatin Katsina ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta auna hurumi da burtali da mashaya a Ɓaure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu da Daura, ta shigar da su gazet da sunan garuruwan da ke amfani da su, ta kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, ya sassabe, ya sayar da reshe, ya bar wa magada.

Wurin da za a fi shan wuya shi ne burtali, domin a nan ne haƙƙin manomi da na makiyayi ke karo, kuma shanun da ke bi ta Babban Mutum ba su san iyaka ba. Makiyayin da ya datse gawo da rani ba tare da izini ba zai iya rushe aikin shekara goma cikin yini guda. Manomin da ya cinye burtali shi ma ya tura garke cikin gonar maƙwabci. Awon da za a yi a nan sai an zauna da dagatai da arɗo-arɗo na ɓangarorin biyu, da na Ɓaure da na Magarya, kafin a kafa ko da turke ɗaya.