Doka da Sanin Ya Kamata a Tunanin Shari'ar Ƙasar Sin

Tambayar da za mu duba tsohuwa ce: idan rubutacciyar doka ta saɓa wa hankali, wanne alƙali zai bi? Masanan ƙasar Sin sun daɗe suna ja-in-ja a kanta.

Ɓangare guda, watau su Shang Yang da Han Fei, ya tafi a kan cewa doka tsattsaura wadda ba ta duban fuskar kowa ita ce ginshiƙin mulki. Bisa wannan ra'ayi daular Qin ta haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin Miladiyya, amma ko shekara 20 ba ta cika ba ta rushe. Malaman daular Han, wadda ta gaje ta, suka ɗora laifin a kan tsananin hukunci.

Mabiya Konfushiyas kuwa sun ga lalle a auna kowane al'amari da halin da ya auku a ciki. Manshiyas ya ba da misali: al'ada ta hana namiji taɓa hannun matar wansa, amma in ta faɗa ruwa wajibi ne ya miƙa mata hannu. A zamanin Han, Dong Zhongshu ya shigar da wannan fahimta cikin shari'a. An tambaye shi hukuncin ɗan da ya ɗaga sanda don kare mahaifinsa daga wani mai takobi, ya kuskure ya bugi uban. Doka ta ce kisa. Shi kuwa ya dubi niyya, ya ce babu laifi.

Daga baya sassaucin ya shiga cikin dokar kanta. Kundin daular Tang na shekarar 653 ya yarje wa dangi na kusa su rufa wa junansu asiri, ban da laifuffuka irin na cin amanar ƙasa. A daular Qing, wanda aka yanke wa kisa na iya samun rangwame idan shi kaɗai ya rage wa tsofaffin iyayensa.

Sai dai fa sassaucin bai game kowa daidai ba. Ɗan da ya bugi uba da gangan kisa ne hukuncinsa, alhali uban da ya kashe ɗa mai taurin kai da duka hukuncinsa mai sauƙi ne. Manyan ma'aikata ma suna da nasu rangwamen. Saboda haka duk wanda aka ba ikon aunawa, alƙali ne ko jami'in gwamnati, ya kamata a riƙa bincikar wa ma'auninsa yake rinjaya wa.