Faifan "Tracy Chapman" na 1988: Tarihinsa da Sake Buga Shi

"Tracy Chapman" shi ne kundin waƙoƙi na farko na mawaƙiyar nan Ba'amurkiya baƙar fata mai wannan suna, wanda kamfanin Elektra ya fitar ranar 5 ga Afrilu, 1988. Waƙoƙi 11 ne a cikinsa, dukkansu ita ta rubuta, kuma tsawonsu a haɗe bai wuce minti 36 da 'yan daƙiƙu ba. An sayar da fiye da kwafi miliyan 20 a duniya, abin da ya sa shi cikin faifan farko mafi kasuwa da wani mawaƙi ya taɓa yi. Masu sharhi kan raba waƙoƙinsa gida biyu, na gwagwarmaya da na soyayya, amma wanda ya zauna ya saurare shi daga farko zuwa ƙarshe zai ga rabon bai cika zama daidai ba. Masoyan da ke cikinsa talakawa ne da kuɗin haya ke hana barci, zaluncin da yake kuka da shi kuwa galibi a cikin ɗaki yake faruwa ko a bakin titin unguwa. An sake buga shi a faifan garmaho a watan Afrilun 2025.

Mawaƙiyar da asalinta

An haifi Tracy Chapman ranar 30 ga Maris, 1964, a Cleveland da ke jihar Ohio, birnin masana'antun ƙarfe da a lokacin ƙuruciyarta ya fara durƙushewa. Iyayenta sun rabu tana ƙarama, mahaifiyarta ce ta riƙe ta da 'yar'uwarta cikin rashi. Tun tana shekara 8 take kaɗa jita tana haɗa waƙa. A 1976 wata kotun tarayya ta yanke hukunci cewa makarantun gwamnati na Cleveland suna ware 'ya'yan baƙaƙe daga na farare, kuma zaman ɗar-ɗar da ya biyo baya a unguwanni na cikin abin da ta tashi tana gani da idonta.

Wani shiri mai suna A Better Chance, wanda ke ɗaukar haziƙan yaran marasa hali ya kai su makarantun masu kuɗi, shi ya kai ta makarantar kwana ta Wooster a jihar Connecticut. A can ne yarinyar da ta fito daga gidan da ake lissafin kwabo ta zauna aji ɗaya da 'ya'yan da ba su san ana rasa abinci ba, kuma a can ta rubuta "Talkin' 'bout a Revolution" tana wajen shekara 16. Daga nan ta wuce Jami'ar Tufts kusa da Boston, inda ta karanta ilimin nazarin ɗan'adam da al'adunsa. Tana karatu tana waƙa a gidajen shan kofi da dandalin Harvard, inda masu wucewa ke jefa mata canji.

Wani ɗalibin Tufts, Brian Koppelman, yana haɗa gangamin neman jami'ar ta janye jarinta daga kamfanonin da ke hulɗa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, sai aka ba shi labarin wata mai waƙa da za ta dace da taron. Ya je ya saurare ta. Mahaifinsa, Charles Koppelman, babba ne a kamfanin SBK mai kula da haƙƙin mallakar waƙoƙi, kuma ta hannunsa ta samu yarjejeniya da Elektra a 1987. Wato tun kafin a ɗauki baiti ɗaya a situdiyo, maganar Afirka ta Kudu ta riga ta shiga tarihin faifan.

Ɗaukar sauti

Kasuwar waƙar Amurka a wancan lokaci ta kiɗan na'ura ce da gangunan lantarki da bidiyo mai ƙyalƙyali, zamanin Michael Jackson da Whitney Houston da George Michael. Furodusoshi da dama sun ƙi aikin, suna ganin mace da jita ɗaya ba hajar da za ta fita ba ce. Wanda aka fara tsayarwa, Alex Sadkin, ya rasu a hatsarin mota a 1987. Sai aikin ya faɗa hannun David Kershenbaum, wanda ya yi aiki da Joan Baez da Joe Jackson a baya. An ɗauki waƙoƙin a situdiyon Powertrax a Hollywood cikin kusan mako 8.

Dabarar Kershenbaum ita ce ya hana kiɗa ya danne murya. Ya zaɓi Denny Fongheiser a kan ganguna da Larry Klein a kan jitar bes, ya sa su bi bayan muryarta da jitarta, sauran kayan kiɗa kuma aka yayyafa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa faifan bai tsufa ba yadda yawancin takwarorinsa na 1988 suka tsufa. Hoton bango, wanda Matt Mahurin ya ɗauka, shi ma haka yake: fuskarta kawai, kai a sunkuye, cikin launin ƙasa-ƙasa, ba kwalliya ba murmushi.

Waƙoƙin

Gefen farko na faifan shi ne mai nauyi. Ya buɗe da "Talkin' 'bout a Revolution", waƙar marasa aikin yi da masu tsayuwa a layin karɓar tallafi, wadda ke gargaɗin cewa haƙurinsu na da iyaka. Ta fito ne a shekarar ƙarshe ta mulkin Ronald Reagan, bayan shekaru na zaftare kuɗin tallafin talakawa da ƙaruwar masu kwana a titi, don haka ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani.

Ta biyu ita ce "Fast Car", kuma ita ce ƙashin bayan faifan. Labari ne daga bakin wata budurwa da ta bar makaranta don ta yi jinyar uba mashayi bayan uwarta ta gaji ta tafi. Tana aiki a ƙaramin kanti, ta tara ɗan abin da ta tara, ta sa ranta a kan wani saurayi da motarsa, cewa za su gudu birni su fara sabuwar rayuwa. A birnin ta samu aikin karɓar kuɗi a kanti, shi kuwa ya rasa aiki, suka sauka a gidan marasa galihu. Da tafiya ta yi nisa sai ga shi ya koma irin uban da ta baro: yana can wajen sha, ita tana ɗauke da yara da ɗawainiyar gida. A ƙarshe ta ce masa ya ɗauki motarsa ya kama gabansa. Ba a ambaci gwamnati ko jam'iyya a ko'ina ba, amma babu waƙar da ta fi ta siyasa a faifan, domin ta nuna yadda talauci ke zama gado. Gininta ma ya saɓa wa al'adar rediyo: sai an yi baiti uku ana bin zaren jita guda kafin amshi ya shigo da ganguna, kuma amshin tuna wani dare ne a cikin mota, lokacin da ta ji ita ma mutum ce.

"Across the Lines" na ba da labarin tarzomar ƙabilanci da ta ɓarke bayan an ci zarafin wata yarinya baƙa, da yadda jarida ta hura wutar, har aka manta da yarinyar. "Behind the Wall" kuwa murya ce tsura, ba ko tsinken jita, kuma ba ta kai minti 2 ba. Maƙwabciya ce ke jin ihu ta bayan bango dare bayan dare, 'yan sanda su zo a makare su ce ba sa shiga tsakanin mata da miji, har ranar da ihun ya tsaya motar asibiti ta zo. Nan take bayan wannan aka ɗora "Baby Can I Hold You", waƙar wadda ta gaji da jiran masoyi ya iya buɗe baki ya ba da haƙuri. Wanda ya tsara jeren ya san abin da yake yi. Mai sauraro na shiga waƙar soyayyar da sauran ihun a kunnensa.

Gefe na biyu ya fi sauƙi, kuma a ganin mai wannan rubutu bai kai na farko ba. "Mountains o' Things" mafarkin ma'aikaciya ne na tara kayan duniya, "She's Got Her Ticket" na da ɗan ɗanɗanon rege, "Why?" jerin tambayoyi ne a kan yunwa cikin yalwa da makamai masu linzami da ake kira masu kiyaye zaman lafiya, wanda kuwa sunan da gwamnatin Reagan ta raɗa wa wani makaminta na nukiliya ke nan. "For My Lover" na magana da bakin wadda ke tsare a kurkukun Virginia saboda wanda take so. "If Not Now..." da "For You" suka rufe.

Wembley

Da farko faifan ya tafi a hankali. Abin da ya juya lamarin ya faru ranar 11 ga Yuni, 1988, a filin wasa na Wembley a Landan, wajen bikin waƙe-waƙe na cikar Nelson Mandela shekara 70, yana kurkuku a lokacin. Mutum kusan 72,000 ne a filin, an kuma haska taron a ƙasashe 67, inda aka ƙiyasta masu kallo sun kai miliyan 600. Chapman ta yi 'yan waƙoƙinta da rana ta sauka. Can da yamma Stevie Wonder ya zo hawa dandamali sai aka nemi faifan kwamfutar da ke ɗauke da kiɗansa aka rasa, ya fasa hawa a lokacin. Masu shiri na neman wanda zai cike gurbi ba tare da an jera kayan kiɗa ba, sai aka tura ta da jitarta. Ta tsaya ita kaɗai, muryarta na ɗan rawa a farkon baiti, ta rera "Fast Car" da "Across the Lines", filin da ke ta hayaniya ya lafa.

Cikin makonni faifan ya hau matsayi na 1 a Birtaniya, a watan Agusta kuma ya hau na 1 a Amurka. "Fast Car" ta kai ta 6 a jadawalin Billboard. Daga Satumba zuwa Oktoba na shekarar ta bi rangadin kare haƙƙin ɗan'adam na ƙungiyar Amnesty International tare da Bruce Springsteen da Sting da Peter Gabriel da Youssou N'Dour na Senegal, rangadin da ya sauka a Harare da Abidjan. A Fabrairun 1989 ta karɓi lambobin Grammy 3, har da ta sabuwar mawaƙiya mafi fice. Faifanta na biyu, "Crossroads", na ɗauke da waƙar da ta sadaukar wa Mandela, kuma ta koma Wembley a Afrilun 1990 lokacin da shi kansa ya halarta bayan sakinsa.

Suka bai rasa ba. Gidajen rediyon baƙaƙen Amurka ba su cika sa waƙoƙinta ba, yawancin masu sayen faifan farare ne, har Chuck D na ƙungiyar Public Enemy ya ce kiɗanta ba ya ratsa baƙar fata. Wasu kuma sun ce masu hali sun samu hanyar tausaya wa talaka daga kan kujerar falo. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen masu saye, amma laifin ya fi komawa ga kasuwar da ta riga ta yanke cewa jita da waƙar labari na farare ne.

Bayan rayuwar farko

Waƙoƙin sun ci gaba da yawo ba tare da mai su ba. Ƙungiyar Boyzone ta Ireland ta maimaita "Baby Can I Hold You" a 1997. Nicki Minaj ta ɗauki wani sashe na ita wannan waƙar ba da izini ba, shari'ar ta ƙare da biyan Chapman dala 450,000 a farkon 2021. An riƙa sa "Talkin' 'bout a Revolution" a tarukan yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na Bernie Sanders a 2016, ita kuma ta rera ta a talabijin daren jajibirin zaɓen 2020.

Babbar dawowar ta zo daga inda ba a zata ba. Luke Combs, farar fata daga North Carolina mai waƙar country, salon kiɗan karkarar Amurka, ya maimaita "Fast Car" a 2023. Ya ce a kaset ɗin motar mahaifinsa ya fara jin ta yana yaro, kuma bai canja kalmomin ba, har wurin da mai labarin ke kiran kanta yarinyar kanti. Waƙar ta kai ta 2 a babban jadawalin Billboard, ta kai ta 1 a rediyon country, Chapman ta zama baƙar mace ta farko da waƙar da ta rubuta ita kaɗai ta hau wannan matsayi. A Nuwamban 2023 ƙungiyar CMA ta masu waƙar country ta ba ta lambar waƙar shekara, karo na farko da baƙar fata ya samu. Wannan ya tayar da muhawara a kan ko da ita ce ta kawo waƙar da bakinta ƙofar Nashville, cibiyar waƙar country, za ta buɗe. Ita dai ta ce ta ji daɗi, kuma ranar 4 ga Fabrairu, 2024, suka rera ta tare a bikin Grammy, gashinta ya yi furfura, jitar na hannunta.

Sabon bugu

An daɗe ba a buga kundin a faifan garmaho ba, sai dai CD da intanet, tsofaffin kwafi kuma suna tsada a hannun masu tarawa. Ranar 4 ga Afrilu, 2025, Elektra ya fitar da sabon bugu da sunan cikar shekara 35, ko da yake a lissafi ya kai 37. Chapman da Kershenbaum ne suka shirya shi da kansu daga ainihin tef ɗin sauti, aka buga a faifai mai nauyin giram 180, aka kuma mayar da takardar fassarar baitoci da ta raka bugun ƙasashen waje na 1988. Waƙoƙin nan 11 ne dai a jerensu na asali. A cikin wannan wata kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da kundin cikin rajistar sautukan da ƙasar ke adanawa saboda muhimmancinsu na tarihi. Chapman ta fitar da kundi 8 na situdiyo gaba ɗaya. Na ƙarshe, "Our Bright Future", ya fito a 2008.