Tarihin Ɗaukar Hoto Kafin Fiɗar Sankarar Mama

Tun zamanin Abul Ƙasim Al-Zahrawi, babban likitan fiɗa na Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, masana ɗibbu suka tabbata cewa sankarar mama, muddin ta tsufa ta kafa jijiya, wuƙa ba ta iya mata, sai fa in an riske ta tana ƙarama a inda za a iya tumɓuke ta ɗungurungum. Amma da yake likita a wancan zamani, da ƙarnoni masu yawa bayansa, ba shi da abin sanin iyakar ciwo face yatsunsa, bai zama abin mamaki ba da William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana hanyarsa a 1894, wato a cire maman baki ɗaya haɗe da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata. Wannan mazhaba ta yi mulki kusan shekara 80, mata suna tashi da ramin ƙirji da kumburarren hannu.

Shekara guda bayan Halsted ya bayyana hanyarsa, Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, a 1913 kuma Albert Salomon na Barlin ya haska dubban sassan mama da aka riga aka yanke, ya nuna cewa sankara tana da kamannin da hoto ke iya kamawa. Sai dai al'amarin ya daɗe yana barci, har Raul Leborgne na Yurugwai ya koyar da matse mama lokacin ɗauka, Robert Egan kuma ya daidaita ƙa'idar aikin, wato mamogiram, a Houston wajen 1960. Daga nan aka soma riskar ƙullutun da hannu bai isa ya ji ba. Da ciwo ya zama ana samunsa ƙarami, sai hujjar yanka babba ta raunana. Umberto Veronesi a Milan a 1981, da Bernard Fisher a Amurka a 1985, suka tabbatar da tajriba cewa cire sashen da ƙullutun yake kaɗai, a bi shi da gashi na haske, bai rage wa mace tsawon rai ba in an gwada da cire mama duka.

A nan ne mas'alar ta ɗauki wani salo wanda, a ganina, ya fi duk abin da ya gabata cancantar nazari. Hoton maganaɗisu na MRI, wanda aka fara gwadawa a kan mama da allurar gadoliniyam a Jamus cikin 1986, yana tono ƙananan ɗigogin ciwo waɗanda mamogiram da sikanin ba su gani, don haka ƙiyasi ya hukunta cewa likitan da ya ga ƙari lalle zai yi fiɗa mafi tsafta, ciwo kuma ba zai komo ba. Asibitoci da yawa suka rungumi wannan ƙiyasi tun kafin a auna shi. Da aka zo aunawa a Birtaniya, a binciken COMICE da aka wallafa a 2010 kan mata 1,623, sai aka tarar waɗanda aka sake yi wa fiɗa kashi 19 cikin 100 ne, da waɗanda aka yi wa MRI da waɗanda ba a yi wa ba. A 2014 Nehmat Houssami ta Sidni da abokan aikinta suka tattara bayanan mata fiye da 3,000, ba su ga hoton ya rage komowar ciwo ba, alhali kuwa an sha nuna cewa yana ƙara yawan waɗanda ake cire wa mama duka. Dalilin bai ɓuya ba: galibin ɗigogin nan da hoton ke firgita likita da su, gashi da magungunan bayan fiɗa sun wadatar wajen kashe su, wasu ma in an tsakuro su aka duba ba sankara ba ce.

Ba a jefar da MRI ba, kuma bai kamata ba. Malaman fannin suna keɓe shi ga wadda ta gaji larurar ƙwayar halitta ta BRCA, ko mai irin sankarar da ke yaɗuwa ba tare da dunƙulewa ba, ko wadda aka fara ba magani kafin fiɗa ana son a ga yadda ciwon ya ja da baya. Amma yi wa kowace mace shi don kawai na'urar tana nan, wannan al'ada ce da ta riga hujjarta zuwa, kuma mace tana da haƙƙin ta tambayi likitanta me hoton zai sauya a fiɗarta kafin ta yarda.