Wasiyya, Kyauta da Wakilci: Abin da Ya Kamata Magidanci Ya Tsara Tun Yana da Lafiya

Da yawa daga cikin rigingimun gado da ke kaiwa gaban kotunan Shari'a a karkara, tushensu magana ce da aka yi da baki, mai ita ya rasu, shaidu kuma suka watse. Don haka muke jan hankalin magidanta, dagatai da masu unguwanni ga waɗannan ƙa'idoji na mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi.

Idan mutum ya rasu, ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan a raba abin da ya rage. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji, sai in sauran magada sun amince.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kyauta. Uba kan ce ya bai wa ɗansa gona, amma ya ci gaba da nomanta har ajali ya zo. A wurin alƙali wannan kyauta ta ɓaci, gonar ta koma gado, domin kyauta ba ta cika sai wanda aka bai wa ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Haka ma gonar aro da ta jingina: a rubuta sunan mai ita, iyakokinta da kuɗin da aka karɓa, shaidu biyu adalai su sa hannu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen karkara, kuma muna ganin neman wannan takarda ya fi dogaro da tunanin dattawa.

Wanda tsufa ko rashin lafiya ya fara rinjaya yana iya naɗa wakili a rubuce, amma wakilci yana ƙarewa da rasuwarsa. In hankali ya gushe na tsawon lokaci, alƙali ne ke duba wanda zai kula da dukiyar. Uba yana da ikon naɗa wasiyyi da zai riƙe rabon marayunsa har su mallaki hankalin kansu.

Sunan da aka rubuta a banki a matsayin ɗan'uwa mafi kusa ba ya mai da mutum magaji. Banki zai nemi takardar shaidar rasuwa da takardar izini daga kotu kafin ya saki kuɗin.