Modibbo Bubayero: Rayuwarsa, Gidansa da Gadon da Ya Bar wa Gombe

Daga cikin almajiran da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya damƙa wa tuta a farkon ƙarni na 19, kaɗan ne suka sami ƙasa mai wuyar riƙo irin wadda ta zama rabon Abubakar ɗan Usmanu Subande, wanda aka fi sani da Modibbo Bubayero. Gama yayin da masu tutar Kano da Katsina da Zazzau suka tarar da birane masu ganuwa da fadoji da tsohon tsarin sarauta, abin da ya rage musu sai sauya mai riƙo da gyaran hukunci, shi kuwa ya tarar da kwarin kogin Gongola a rarrabe, kowace al'umma da sarkinta da harshenta: ga Bolawa da Terawa a bakin kogi, ga Jukunawa a Pindiga, ga Tangale da Waja da Tula bisa duwatsu ta kudu, ga kuma Fulani makiyaya suna kai da kawowa a tsakani, ba su da wani jagora guda da zai tara kalmarsu.

An haife shi wajajen shekarar 1762, a ƙasar Shelleng, kusa da inda Gongola yake gangarawa ya sadu da Binuwai. Masu riwaya sun ce tun yana saurayi ya nufi Barno neman ilmi, kamar yadda ɗaliban wannan zamani suka saba, sai aka kama shi a hanya, ya yi 'yan shekaru a hannun Karekare a wajen Fataskum kafin Allah ya kuɓutar da shi. Bayan haka ya yi tattaki zuwa Degel, ya zauna gaban Shehu, ya ɗauki karatu da tarbiyya, har ya koma ƙasarsa da martabar malami, wadda ita ce Fulani suke kira Modibbo. Ana kuma ruwaitowa cewa himmarsa ta riga izini, wato ya soma kai hare-hare tun kafin umurnin jihadi ya fito daga wurin Shehu, kuma wannan hali na gaggawa da ƙarfin zuciya, wanda shi ne ya buɗe masa ƙasa, shi ne kuma ya jawo masa abin da ya fi kowane zama tabo a tarihinsa, kamar yadda bayani zai zo.

Da Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka yi masa mubaya'a, Bubayero yana cikin waɗanda suka karɓi tutar gabas. Ya bi Gongola da yaƙi da sulhu, wani gari ya buɗe shi da takobi, wani kuma ya karɓi amanarsa bisa sharaɗin biyan jiziya, har rundunarsa ta kai Nafada da iyakokin Barno a lokacin da Fulani suka ci Birnin Gazargamu a 1808, kafin Shehu Muhammadu Laminu al-Kanemi ya tashi ya mayar da su baya. Ta yamma kuwa abin da ya tsai da shi ɗan'uwansa ne a karatu, Malam Yakubu na Bauchi, wanda shi ma da tutar Shehu a hannunsa, har saɓani ya shiga tsakaninsu a kan iyaka. Sai wajajen 1825, bayan shekaru fiye da ashirin yana zaman sansani daga wannan wuri zuwa wancan, ya kafa mazauninsa a Gombe Abba, a gaɓar Gongola cikin ƙasar Dukku ta yau, ya gina masallaci da fada, ya naɗa alƙali da masu sarauta, ya shiga aika gaisuwa Sakkwato kowace shekara.

Amma sha'anin gidansa ya fi sha'anin yaƙinsa ban tausayi. Ɗan'uwansa Hammarwa shi ne hannun damansa a yaƙe-yaƙen kudu, shi ne kuma ya riƙe masa ƙasar Muri a bakin Binuwai. To, da girma ya kama Modibbo, aka shiga kai masa maganar cewa Hammarwa yana nufin ɓallewa, ko kuwa yana neman gadon Gombe ya koma ɗakinsa, sai ya kira shi Gombe tare da Bose, babban ɗan Hammarwa, ya sa aka kashe su a 1833. Da labari ya kai ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, hukuncin da ya yanke shi ne ya cire Muri daga ƙarƙashin Gombe, ya bar ta a hannun zuriyar Hammarwa tana bin Sakkwato kai tsaye. Ashe abin da Modibbo ya zubar da jinin zumunta domin ya hana, shi ne ya auku a sanadin zubar da jinin.

Ya rasu a 1841, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, aka binne shi a Gombe Abba. A Gombe ƙa'idar gadon sarauta ita ce gida da shawarar manya da amincewar Sakkwato, kuma ta riƙu. Ɗan Modibbo, Sulaimanu, ya yi shekara uku, sa'an nan ɗan'uwansa Muhammadu Kwairanga ya hau a 1844 ya zauna har 1882, kuma a wannan dogon zamani ne masarautar ta kafu sosai. 'Ya'yan Kwairanga, wato Zailani da Hassan da Tukur da Umaru, su suka sha wahalar ƙarshen ƙarni, sa'ad da Malam Jibrilla Gaini ya kafa jama'arsa a Burmi da da'awar Mahadiyya, ya gagari rundunonin sarakunan gabas, har Sarki Zailani ya rasa ransa a yaƙi da shi a 1888. Malam Jibrilla bai kau ba sai da Turawan Ingila suka zo a 1902 suka kama shi suka kai shi Lokoja. Kuma a wannan Burmi ɗin ne Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas.

Sarki Umaru, wanda ya yi mulki daga 1898 zuwa 1922, shi ya ga ƙaura biyu: Turawa suka mai da hedikwata Nafada a 1913, saboda jiragen ruwa suna hawowa can da damina, sa'an nan a 1919 aka koma Doma, inda birnin Gombe yake a yau. Noman auduga da gyaɗa ya jawo baƙi daga Kano da Barno da sauran wurare, jirgin ƙasa ya iso a 1963 zamanin Sarki Abubakar ɗan Umaru, wanda ya riƙi sarauta daga 1936 zuwa 1984, kuma ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin ya zama babban birnin jiha. Sarkin da aka naɗa a 2014, Mai Martaba Alhaji Abubakar Shehu Abubakar, shi ne na 11 a jerin, kuma dukkansu tsatson Modibbo ne.

Mai son yi wa Bubayero adalci ba zai ɓoye al'amarin Hammarwa ba, ba kuma zai ce ya mallaki dukkan ƙasar ba, tun da mutanen duwatsun Tangale da Waja sun tsare 'yancinsu har zuwan Turawa. Sai dai duk da haka, mutumin da ya tarar da ƙasa ba ta da cibiya, ya bar ta da masallacin Juma'a da alƙali da gidan sarauta wanda ya jure fitinar Burmi da mulkin Nasara da ƙaura biyu bai karye ba, ya cancanci a lissafa shi cikin manyan magina na ƙarninsa. Allah ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa da alherinsa, amin.