Yaran Makaranta da Tarihin Baka: Misalin Gagarawa Tasha

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu jawo hankalin mahalarta wannan taro ga wani ɓangare na tarihin ƙasar Gumel wanda ba a rubuta ba, wato tarihin garuruwan da suka tashi a bakin layin dogo. Mun ɗauki Gagarawa Tasha misali. Ra'ayinmu shi ne, yaran ƙaramar sakandare na wannan gari su ne suka fi cancanta su tattara labarinsa daga bakin dattawa, kuma lokacin yin haka ya kusa ƙurewa.

2.0 Abin da Aka Rubuta da Wanda Aka Bari

Duk wanda ya nemi tarihin Gumel a littattafai zai tarar da tarihin sarauta ne. Zai ga yadda Mangawa suka kafa masarautar wajen tsakiyar ƙarni na 18, da biyayyarta ga Barno, da yadda ba ta shiga Daular Sakkwato ba. Zai ga ƙaura daga Tumbi, wadda yanzu take Jamhuriyar Nijar, da yaƙe-yaƙe da Haɗeja da Damagaram, har zuwan Turawa a 1903. Wannan duk ya kiyayu domin fada tana da maroƙa da makaɗa da marubuta.

Amma Tasha ba ta da irin wannan gata, don kuwa dogo ne ya raya ta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sa'an nan aka miƙa reshe ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. A tashoshin wannan reshe aka riƙa auna gyaɗa ana loda ta zuwa kurmi, sai jama'a suka taru: 'yan dako, da 'yan baranda, da akawuna, da ma'aikatan reluwe daga kudu, da 'yan ci-rani daga Nijar, da mata masu tuwo-tuwo. Takardun En'e da na Turawa da ke ajiye a Kaduna sun fi kula da haraji da nauyin kaya. Ba za su gaya mana wanda ya fara kafa bukka a wata unguwa ba, ko yadda manomi ya yi da mai sikeli ran da aka tauye masa awo.

Wannan zamani ya wuce. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya noman, a 1986 kuma gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Yaron da ya ga isowar jirgi yana ɗan shekara goma, yau ya haura ɗari. Wanda ya yi dako yana saurayi a 1965 ya ba saba'in baya.

3.0 Me Ya Sa Yara?

Akwai darasi a tarihin baƙaƙen fata na Amurka. An hana bauta a can a 1865, amma sai a 1929 jami'o'in Fisk da Southern, na baƙar fata, suka shiga ɗaukar labarin tsofaffin bayi, har malami John B. Cade ya tura ɗalibansa wannan aiki. Daga 1936 zuwa 1938 gwamnatin ƙasar ta tattara labarai fiye da 2,300. To, amma an makara, domin akasarin waɗanda aka tarar yara ne lokacin bautar. Bugu da ƙari, yawancin ma'aikatan gwamnatin farar fata ne, masana kuma sun lura tsofaffin sukan sakaya zance a gabansu. Ashe ke nan wanda ya yi tambaya yana da tasiri a kan amsar da za a samu.

Haka abin yake a nan. Baƙo mai takarda da biro, dattijo kan ɗauke shi jami'in gwamnati, ya ba shi amsar da ba za ta jawo magana ba. Jika kuwa akwai wasa tsakaninsa da kaka, ana iya gaya masa abin da ba a gaya wa ɗa. Har ila yau, yarinya tana shiga cikin gida inda malami namiji ba shi da iko. Mu tuna littafin Baba ta Karo na 1954 ya samu ne domin mace, Mary Smith, ita ta zauna da tsohuwar.

4.0 Hanyar Aiki

Da farko a nemi izinin dagaci da masu unguwa da iyaye. A raba yara bibbiyu, ɗaya yana tambaya, ɗaya yana riƙe da rikoda ko wayar hannu. A rubuta maganar yadda ta fito, kada a gyara ta zuwa Hausar littafi, domin karin harshen ma tarihi ne.

Dattawa ba da lambar shekara suke lissafi ba, saboda haka a koya wa yara alamomi tabbatattu: komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da fitowar naira a 1973, da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, da ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Kowane labari kuma a ji shi daga baki biyu ko uku, a nuna wa yaro cewa saɓani tsakanin masu ba da labari abin bincike ne, ba dalilin ƙaryata dattijo ba.

Wajibi ne mu yi hattara da batun asali da bauta da iyakar gona. Irin wannan magana malami ne zai tace ta, kada ta fita sai da yardar mai ita.

5.0 Kammalawa

Muna ba da shawara Kwalejin Ilmi ta Gumel ta horar da ɗalibanta masu zuwa gwajin koyarwa a kan wannan hanya, ta kuma ajiye kwafin duk abin da aka ɗauka, makarantar garin ta riƙe nata. In aikin ya yi kyau a Gagarawa, sai a kai shi kasuwar dabbobi ta Maigatari da ƙauyukan Sule Tankarkar. Abin da ake bukata bai wuce malami ɗaya mai himma da zangon karatu ɗaya ba. Dattawan da suka rage kuwa ba za su jira mu ba.